Daga Mararaba zuwa fagen tsere: Abin lura kafin ma'aikaci ya sayi firam ɗin keken alminiyam

Tun kafin a sallame sallar Asuba Mararaba take tashi. Zuwa ƙarfe shida, babban titin da ya taso daga Keffi ya cika ya batse: manyan bas-bas, ƙananan motocin haya masu cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba, da motocin gida da masu su ke kwasar fasinja don rage kuɗin mai. Galibin waɗanda ke tsaye a bakin titin ma'aikata ne, kowa idonsa na kan agogo, domin ƙarfe takwas ake son ganinsu a Sakatariyar Tarayya ko wata ma'aikata a tsakiyar birni. A taswira, Mararaba tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma a zahiri makwancin ma'aikatan Abuja ce, domin taku kaɗan ne tsakaninta da Nyanya, inda Babban Birnin Tarayya ya soma.

Tazarar da ke tsakanin Mararaba da Sakatariya ba ta kai kilomita 20 ba. Ranar da hanya ta yi kyau rabin awa ta isa, ranar da ta cushe kuwa mutum kan kwashe awa biyu yana shaƙar hayaƙi. A cikin wannan cunkoso, jefi-jefi akan hangi wani da hular kwano bisa siririn keke, yana bin gefen motoci yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Wasu su yi masa dariya, wasu su bi shi da kallo suna lissafi a zuci.

Lissafin ba boyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura Naira dubu. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ga kuma zaman ofis na yini guda, wanda likitoci suka daɗe suna alaƙanta shi da hawan jini da ciwon suga, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba wa baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Daga cikin masu wannan lissafi akwai waɗanda burinsu ya wuce zuwa aiki da dawowa. Suna son keken da za su shiga gasa da shi, musamman gasar nan mai rukuni uku da ake kira tirayatlon. Sai dai ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ba shi da halin ajiye keke biyu. Ɗaya zai saya, galibi na gwanjo, kuma kusan babu shakka na alminiyam. A wannan ciniki, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne firam, wato ƙashin keken da ake ɗora sauran kaya a kansa. Taya, sarƙa, sirdi da giya duk ana canza su sannu a hankali. Firam kuwa in aka kuskure a kansa, an kuskure keken baki ɗaya.

Gasar da ake shiga uku da gangan

Idan Bahaushe ya ce ya shiga uku, kuka yake yi. Ɗan wasan tirayatlon kuwa da ƙafarsa yake zuwa ya shiga ukun: iyo, tseren keke, sannan gudun ƙafa, a jere ba tare da hutu ba, kuma agogo ba ya tsayawa ko a lokacin sauya kaya. An fara gasar a siffarta ta yanzu a birnin San Diego na Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Zangon Olamfik shi ne iyo na kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai gajeren zango da ya dace da sabon shiga: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. A can ƙololuwa kuma akwai Ironman, wadda aka soma a Hawai a 1978, mai iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180 da gudu kilomita 42.2.

Mai karatu zai lura cewa rukunin keke na gajeren zango ya yi kusa da tafiyar Mararaba zuwa Sakatariya, zuwa da dawowa kuma ya kusa cika zangon Olamfik. Wannan rukuni ne ke cin kusan rabin lokacin gasar, shi ne kuma ke cin kusan dukkan kuɗin shiri. Iyo gajeren wando da tabarau yake buƙata, gudu takalmi, amma keke jari ne.

Abuja ba baƙuwar wasan keke ba ce. A Filin Wasa na Moshood Abiola akwai zagayayyen fagen tseren keke da aka gina don wasannin Afirka na 2003, wanda ya karɓi gasar tseren keke ta cikin fage ta nahiyar a 2022, akwai kuma wurin iyo a ɓangare na biyu na filin. Duk safiyar Asabar bakin Tafkin Jabi kan cika da masu motsa jiki. Wanda bai iya ruwa ba tukuna yana iya farawa da gasar gudu, keke, sannan gudu, wadda ba ta da rukunin iyo.

Me ya sa alminiyam

Wanda ya tashi a Arewa ya san keken baƙin ƙarfe: Raleigh da aka taɓa haɗawa a Kano, da Phoenix ɗan Sin, masu ɗaukar buhun masara da mutum biyu ba su ce uffan ba. Sun yi aikinsu, amma nauyinsu ya ninka na keken tsere. A ɗaya gefen akwai kekunan kabon da ƙwararru ke hawa a yau, marasa nauyi, masu tsadar da kan kai ta mota. Alminiyam, wanda iyayenmu ke kira goran ruwa ko sanholo a tukwane da butoci, shi ne a tsakiya.

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe mai girmansa, amma haka ma ƙin lanƙwasuwarsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Dabarar masu ƙira ita ce su faɗaɗa bututun su rage kaurin bangonsa, shi ya sa firam ɗin alminiyam ke da bututu masu ƙiba amma in an ɗaga sai a ji shi sakayau. Firam mai kyau kan kasance tsakanin kilo ɗaya da kilo ɗaya da rabi, cikakken keken kuma tsakanin kilo 8 da 10. Ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa yin ƙasa da kilo 6.8, don haka bambancin da ke tsakanin keken ma'aikaci da na zakaran duniya bai wuce kilo biyu ko uku ba, abin da yawancinmu za mu iya saukewa daga tumbi cikin wata biyu na atisaye ba tare da kashe ko kwabo ba.

Kada kuma a ɗauka alminiyam keken talaka ne kawai. Kamfanin Cannondale na Amurka ya fara sayar da kekunan alminiyam a 1983, kuma a kan firam ɗin alminiyam na kamfanin Bianchi ne ɗan Italiya Marco Pantani ya lashe gasar zagayen Faransa a 1998. Har gobe ana ƙera ire-irensu: CAAD na Cannondale, Allez na Specialized, Contend na Giant, Domane AL na Trek.

A jikin firam akan ga lamba 6061 ko 7005. Sunayen haɗin ƙarfen ne: a na farko an cuɗa alminiyam da magniziyam da silikon, a na biyu sinadarin zink ne ya fi yawa. Dukkansu suna da kyau, kuma mai saye ba ya buƙatar ɓata lokaci wajen fifita ɗaya. Abin da ya kamata ya sani shi ne halayen ƙarfen guda biyu da ke iya jawo masa asara.

Na farko, alminiyam yana gajiya. Baƙin ƙarfe, in ba a ɗora masa abin da ya wuce wani mizani ba, yana iya jure girgiza ba iyaka. Alminiyam ba shi da wannan mizani: kowane rami da aka faɗa, kowane tudun rage gudu da aka haura, yana rage wani abu daga kwanansa. Firam mai inganci kan yi shekaru da yawa, amma na gwanjo ya riga ya ci wani rabo na rayuwarsa a hannun wanda ba ka sani ba.

Na biyu, ba ya karɓar gyaran bakin titi. Idan tsohon Raleigh ya tsage, mai walda zai liƙe shi a ci gaba da tafiya. Firam ɗin 6061 kuwa, bayan an yi masa walda a masana'anta sai an saka shi gaba ɗaya cikin tanda mai zafin sama da digiri 500, a tsoma shi a sanyaya farat ɗaya, a sake gasa shi na sa'o'i a zafi kaɗan, kafin ƙarfinsa ya dawo. Wannan aiki ne alamar T6 ke nufi. Walda ta biyu tana kashe wannan ƙarfi a kewayen wurin da wuta ta taɓa. Mai walda mai haɗa tagogi da ƙofofi na iya toshe tsagar ta yi kyau a ido, amma wurin ya zama lagon keken, kuma ba ya sallama kafin ya karye.

Awo kafin suna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen suna. Mutum ya ga tambarin babban kamfani da fenti mai sheƙi, mai kaya ya ce saura guda ɗaya, sai ya biya, alhali keken an ƙera shi ne don wani dogon Bature. Firam tamkar takalmi ne: komai tsadarsa, in ba awonka ba ne azaba zai zame maka. Wanda ya yi girma yana miƙar da baya da wuya, hannaye su riƙa sagewa. Wanda ya yi ƙanƙanta yana takure gwiwa. A tirayatlon kuma illar ninki biyu ce, domin da ƙafafun da ka sauko da su daga keke za ka shiga gudu.

Awon ba shi da wuya. Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama kamar sirdi, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da santimita. Tsohuwar ƙa'idar masu keke ta ce a ninka wannan adadi da 0.67 a sami girman firam, a ninka shi da 0.883 a sami tsayin sirdi daga cibiyar feda. Wanda awonsa ya kai santimita 82, firam ɗinsa na kusa da 55, sirdinsa kuma santimita 72 da ɗoriya. Bisa ƙiyasi, mai tsayin santimita 170 zuwa 175 kan dace da lamba 54, mai 178 zuwa 183 kuma lamba 56.

Wannan mafari ne kawai. Kekunan zamani suna da sandar sama mai gangarowa baya, kuma lamba 54 ta wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Shi ya sa kamfanoni ke wallafa jadawalin awon kowane samfuri a shafukansu na intanet, kuma adadi biyu ne suka fi amfani a ciki: tashin wuyan firam daga cibiyar feda, da nisansa zuwa gaba. Na farko yana nuna yadda za ka sunkuya, na biyu yadda za ka miƙe. Mai shekara arba'in da ya saba zaman kujera ya fi dacewa da firam mai ɗan tashin wuya.

Bayan lissafi, gani ya kori ji. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai aƙalla yatsu biyu tsakaninka da sandar sama. Ka hau ka yi tafiyar minti goma. In feda ta kai ƙasa, gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa kaɗan. In ka kama kan keken, gwiwar hannu ta saki, kafaɗa kada ta ɗage. Idan ka faɗo tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramar: ƙaramin firam ana iya ƙara masa tsayin sirdi da tsawon wuya, babba kuwa ba a rage shi.

Keken titi ko na tirayatlon zalla

Akwai keke na musamman da ake ƙera wa wannan gasa. Bututun da ke ɗauke da sirdinsa ya fi miƙewa tsaye, digiri 76 zuwa 78 ko fiye, yayin da na keken titi ke kan 73 zuwa 74. Wannan yana tura mahayi gaba, ya kifa hannayensa a kan wasu sanduna biyu, ya rage faɗin jikinsa a gaban iska. Dalilin kuwa shi ne, a gudun tsere iska ce babbar abokiyar gaba, kuma jikin mahayi ne ke tare kusan kashi uku cikin huɗu nata. Duniya ta shaida amfanin sandunan a 1989, lokacin da Ba'amurke Greg LeMond ya aro su daga 'yan tirayatlon a zangon ƙarshe na gasar zagayen Faransa, ya ƙwace nasara daga hannun Laurent Fignon da tazarar daƙiƙa 8 kacal.

Duk da haka, wannan keke bai dace da mazaunin Mararaba ba. Birkinsa na nesa da inda hannu ke kwanciya, ba ya son kwana mai kaifi, ba ya son tudu, kuma a cikin cunkoso haɗari ne tsagwaronsa. Bugu da ƙari, a gasannin da aka yarda ɗan tsere ya fake a bayan wani don kauce wa iska, irin na Olamfik, keken titi ake hawa, kuma dokokin hukumar World Triathlon na yanzu sun hana ɗaura sandunan a irin waɗannan gasanni. Keken titi yana shiga kowace gasa, yana kuma zuwa ofis.

Abin yi shi ne a zaɓi firam ɗin titi da zai karɓi sandunan ɗaurawa ranar da ake buƙatarsu. A duba abu biyu. Sandar sirdi ta kasance zagayayya ta gama-gari, wadda yawanci kaurinta milimita 27.2 ne, domin a iya musanya ta da mai tura sirdi gaba. Kan keken kuma ya kasance zagayayye na alminiyam, galibi milimita 31.8 a tsakiya, inda sandunan za su kama. Firam mai sandar sirdi ta musamman, wadda kamfani ɗaya ne kaɗai ke yin ta, ranar da ta lalace sai an yi odarta daga waje da dala.

Binciken keken gwanjo

Yawancin kekunan tsere da ke shigowa Nijeriya sun yi rayuwa a Turai ko Amurka, sun kuma sha matsi a kwantena tsakanin firji da injin mota. Akwai nagari ƙwarai a cikinsu, akwai kuma waɗanda masu su suka yar bayan haɗari. Araha ba ta ado. Mai saye ya tafi da rana, ya riƙe tocila, tsumma, zare da tef ɗin awo, kada kuma ya ji kunyar durƙusawa.

Ya fara goge firam ɗin, ya haska kowace walda. Wuraren da suka fi tsagewa su ne ƙarƙashin wuya, inda babban bututun ƙasa ya haɗu da shi, kewayen gidan feda, bakin bututun sirdi, da ƙarshen ƙafafun baya inda taya ke zama. Tsaga kan fito kamar siririn gashi mai duhu a gefen walda. In farce ya maƙale a cikinta, ko ta bi layin waldar, a bar keken komai sauƙin kuɗinsa. Fenti da ya tattare ko ya kumbura a bayan wuya alama ce ta karon gaba. Sabon fenti ko sitika a wuri ɗaya tak abin tambaya ne. Lotsawa ƙarama a tsakiyar bututu ana iya zama da ita, amma mai kaifi ko wadda ke kusa da walda ba a yi mata uzuri.

Sai a gwada miƙewar firam. A ɗaura zare a ƙarshen ƙafar baya ta dama, a zagayo da shi ta gaban wuya, a dawo da shi ƙafar hagu a ja ya yi tsam. A auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, firam ɗin ya karkace, alminiyam kuwa ba a miƙe shi da ƙarfi kamar baƙin ƙarfe.

A kwance sandar sirdi a ga tana motsi. Gumi da ruwan sama kan sa ta manne da firam har ta gagari cirewa, keken da sirdinsa ba ya hawa ba ya sauka kuwa awon mai shi na farko ya riƙe. A matse birkin gaba a girgiza keken gaba da baya: ƙwas-ƙwas a wuya na iya zama boris ne kawai, yana kuma iya zama mazaunin boris ɗin ne ya buɗe. Yawancin waɗannan kekuna fok ɗinsu na gaba kabon ne, shi ma a haska shi, musamman inda ya shige cikin wuya, domin karyewar fok a gangara ba ta barin mahayi da zaɓi.

A ƙarshe a kifa keken a duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda. In an kankare ta, a yi sallama da mai kaya. In tana nan, a sa ya rubuta ta a rasit. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin abin da zargin karɓar kayan sata ke yi wa fayil ɗin mutum.

Ƙananan abubuwa masu tsayar da tafiya

Faɗin tayar da firam zai iya ɗauka ya fi muhimmanci a nan fiye da Turai. Tsofaffin kekunan tsere an yi su ne don tayar milimita 23 ko 25, wadda ba ta jure ramuka da tsakuwar gefen titi. A nemi firam da zai ɗauki aƙalla 28, in da hali 32. Faffaɗar taya tana shanye girgizar da ake zargin alminiyam da ita, kuma ba ta rage gudu a titi mai gargada. A sani kuma cewa girman tayar keken tsere, wanda ake kira 700c, ba shi ne na kekunan da suka fi yawa a kasuwanninmu ba, bawul ɗinta ma siriri ne da famfon mai faci ba ya kamawa sai da 'yar mahaɗa. Tiyub biyu da ƙaramin famfo su zama abokan tafiya.

Birki iri biyu ne. Mai kama rim da roba ya fi araha, kowane mai gyaran keke ya san shi, amma yana sanyi a cikin ruwa. Mai faifai ya fi kamawa a damina, wadda a Abuja kan ɗauki Afrilu zuwa Oktoba, kuma firam ɗinsa kan bar wa taya fili, sai dai kayan gyaransa sun fi tsada. Firam da aka yi don ɗaya ba ya komawa ɗayan, don haka tun a wajen saye ake yanke shawara.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a ƙafar baya ta dama, wanda macanjin giya ke rataye a jikinsa. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam in keke ya faɗi. Kowane samfuri da irin nasa, don haka a tabbatar ana samunsa, a kuma ajiye na ko-ta-kwana. Gidan feda mai zare, wanda ake ɗaurawa da sifana, ya fi sauƙin gyara da jure ƙurar hunturu fiye da wanda ake dannawa da na'ura. Giya kuwa, Claris ko Sora ko Tiagra na Shimano sun wadatar. Abin nema shi ne giya mai sauƙi don hawan Kugbo: faranti mai haƙora 34 a gaba da 32 a baya.

Titin da ba a yi shi don keke ba

Gaskiya ɗaya ce: babbar hanyar Keffi zuwa Abuja ba ta da layin keke, kuma gangarar da ta taso daga AYA ta bi Kugbo zuwa gadar Karu ta yi ƙaurin suna wajen tsinkewar birkin manyan motoci. Haɗarin ranar 19 ga Maris ɗin 2025, inda wata babbar mota ta afka wa jerin motoci a kusa da gadar wuta ta tashi, bai gushe a zukatan mazauna yankin ba. Tun a 2001 ma, Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, wata bas ta tura shi cikin kwata yana kan kekensa a Abuja. In haka ta faru da minista, ƙaramin ma'aikaci sai ya ninka hattara.

Saboda haka, sabon mahayi kada ya fara da wannan hanya. Ya soma da safiyar Asabar da Lahadi a faffaɗan titunan cikin birni lokacin da motoci ba su fito ba, tare da abokan hawa, har hannunsa ya faɗa. In ya yanke shawarar zuwa aiki da keke, to bayan gari ya waye, da hular kwano, fitila gaba da baya, da riga mai ɗaukar ido, kuma kada ya kuskura ya shiga gefen tirela. Sandunan kifa hannu na filin atisaye ne da ranar gasa. A cikin motoci, yatsu biyu ba sa barin birki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, gorar ruwa biyu wajibi ne, don haka firam ɗin ya kasance da mazaunin gora biyu.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana yekuwar hawan keke, kuma tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Amma yekuwa ba ta maye gurbin layin keke, wurin ajiya mai tsaro da wurin watsa ruwa a ma'aikatu. Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ake ɗora irin waɗannan ayyuka a kai, kuma hanyar da ake ta faɗaɗawa ta ratsa hukumomi uku: ma'aikatar ayyuka ta tarayya, hukumar Babban Birni da gwamnatin Nasarawa.

A wasannin Olamfik na Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke, ta sami gurbin shiga tseren cikin fage ba ta da keken da ya dace da shi, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lamarin, amma ta hau ta fafata. Ma'aikacin Mararaba ba shi da Jamusawan da za su ara masa, abin da ya tara daga albashi shi ne jarinsa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida: ya auna ƙafarsa tun a gida, ya rubuta adadin a takarda, ya saka tocila da zare a aljihu, kuma duk keken da awo ko walda suka ƙi, ya bar shi a inda ya gan shi ya jira wata kwantenar.